Abin da tsohuwar jita ta koya mini a shagon kafinta

Ina cikin shekarata ta huɗu a koyon aikin kafinta a wani ƙauye kusa da Ringim lokacin da na tsinci jitar nan a cikin kayan gwanjo a Sabon Gari, Kano. Fuskarta ce ta fara jan hankalina, domin ba shafaffiya ba ce kamar ta jitar da aka saba gani. Ta yi tudu a tsakiya, tana da ramuka biyu masu siffar harafin f, kuma sunan Höfner na Jamus yana nan a kanta. Daga baya na san cewa Orville Gibson ne ya fara sassaƙa irin wannan fuska a garin Kalamazu na Amurka a shekarun 1890, yana bin tsarin gogen Turawa, kuma a 1922 kamfanin Gibson ya fito da samfurin L-5 mai waɗannan ramuka.

Ranar da na kawo ta shago, sai na kwance tsirkiyoyin shida gaba ɗaya don in goge ƙura, nan take jakin, wato ɗan katakon da tsirkiyoyin ke hawa a kan fuskar jitar, ya faɗo ƙasa. Na ɗauka karyewa ya yi, har na ɗauko gam, sai maigidana ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin an liƙe jakin goge?" Bai taɓa riƙe jita ba a rayuwarsa, amma ya yi shekaru yana gyara wa makaɗa goge da garaya, saboda haka ya gane cewa nauyin tsirkiya ne kaɗai ke danne jakin, kuma ta nan sauti ke shiga katako.

Mayar da shi mazauninsa ya ci mana yini guda. Ana auna tazarar da ke tsakanin mafarin tsirkiya a wuya da ƙarfe na 12 cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan, a ninka ta biyu, sannan a riƙa gusar da jakin kaɗan-kaɗan har sauti ya daidaita. Abin da ya taimake mu shi ne wani shati da jakin ya bari a kan tsohon fentin, fentin da na yi niyyar kankarewa da samfefa a daren nan don ta yi sheƙi. Har yau gabana yakan faɗi idan na tuna da wannan niyya.

Hunturu kuwa ban yi masa shiri ba. Katakon irin wannan jita yana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskarmu ta watan Janairu kuwa ta yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Na bar ta rataye a bangon shago, wata safiya na tarar fuskar ta tsage daga bakin rami ɗaya, tsawon ɗan yatsa. Mun liƙe tsagar, muka tallafe ta da ɗan guntun katako daga ciki. Yanzu da zarar sanyi ya shigo nakan sassauta tsirkiyoyin, in kwantar da ita a akwatinta tare da jiƙaƙƙen soso a cikin gwangwani mai huji, in kuma duba sosan kowace Juma'a kafin in tafi masallaci.