Na je Wusasa rakiyar Goggo

Ana kiran assalatu wayata ta yi ƙara. Kawu ne. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Goggonka ta yi barci cikin Ubangiji." Ranar Juma'a na ɗauki 'yar jakata na nufi tashar Unguwa Uku, na shiga motar Zariya.

Tun daga Kura har Kwanar Ɗangora ban ce wa kowa uffan ba. Wani dattijo da ke gefena, carbi a hannunsa, ya lura ina ta share ido, ya ce, "Samari, lafiya?" Na gaya masa. Ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Ba na cin goro, amma wannan na ci shi. Muka wuce Tashar Yari, na sauka a Kwangila, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Da na hango dutsen Wusasa sai ƙirjina ya yi nauyi. A gindinsa Goggo ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ita ta riƙa jan hannuna zuwa tsohuwar majami'ar St Bartholomew, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, wanda aka yi a 1929 lokacin da mishan ta baro cikin birnin Zazzau. Takan ce kakanninmu sun ga Likita Mila da idonsu, mutumin da ya sha wahalar fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932. Da wannan Hausar ta koya mini addu'a.

Gidan ya cika maƙil. Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, sun sha anko, suna buga tulu da caki, suna waƙa hawaye na zuba, kuma ba wadda ta ɓoye hawayenta. Maƙwabta Musulmi suka yi ta shigowa ta'aziyya, wasu da kwanon abinci. Ni kam da farko waƙar ta tsaya mini a rai. Na ce a zuciyata, yaya za a yi kiɗa alhali Goggo na kwance a akwati?

Washegari a wurin sujada Rabaran ya karanta 1 Tasalonikawa 4, inda Bulus ya ce kada mu yi baƙin ciki kamar waɗanda ba su da bege. Ya ɗago kai ya ce, "Jama'a, ba a hana ku kuka ba. Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi." A nan na saki kukan da na riƙe tun daga Kano, ba kunya.

A bakin kabari Kawu ya ɗebi ƙasa, hannunsa na rawa. Shekara saba'in suna tare, ciki ɗaya suka fito. Ya zuba, ya ce a hankali, "Yaya, sai da safe." Haka suke sallama kullum in dare ya yi, kuma ya faɗe ta ne yadda ya saba faɗa, kamar mai shirin zuwa gaishe ta gobe.

Ran Lahadi da yamma, zan kama hanya, ya miƙo mini Littafinta a cikin leda. Bangon ya yage, ta ɗinke shi da baƙin zare. Sai da muka bar Zariya na buɗe. A Yahaya 11:25, inda Yesu ya ce shi ne tashin matattu da rai, ta ja layi da jan biro, a gefe kuma ta rubuta sunan mahaifiyata.