Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗakunan Tamfol

Makon jiya na tsaya a inda Baffa, Allah ya jiƙansa, ya bar mini shago da zarto da guduma. Shi ne yake cewa ɗaki daga ƙafa yake mutuwa. Da mutanen Gwoza da Bama suka cika Maiduguri a 2014, aka shiga neman kafintoci ido rufe, da wannan maganar na shiga aikin sansanin 'yan gudun hijira.

Ɗakin wucin gadi katako ne da tamfol. Tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, ake yin ginshiƙi da shi, tu-bai-tu, mai inci biyu-biyu, a shimfiɗa a rufi. Ana haƙa rami kamu guda, amma kafin a binne ginshiƙi dole a shafe gindinsa da baƙin mai, a bari ya sha. In aka tsallake wannan, gara za ta cinye shi ta ciki, sama lafiya lau, sai iskar farkon damina ta kwantar da ɗakin kan mutane. Tamfol kuwa ba a buga masa ƙusa tsirara, yagewa yake. Marfin kwalba ake sa wa, ko guntun taya, a ja shi ya yi tauri don kada ruwa ya kwanta. Sannan a ɗaga daɓe, a yanka kwata a zagaye.

A nan muka saɓa da wani ɗan kwangila. Ya ce a bar baƙin mai, ai zaman wata uku ne. Wata uku! Yaran da aka haifa a ɗakunan nan sun shiga makarantar allo a cikinsu. Kawu ya goya masa baya, wai na cika taurin kai irin na gidanmu. Har yau muna gaisawa, amma ban manta ba.

Ƙa'idar masu agaji ita ce murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum, masai ɗaya ga mutum 20, ruwa lita 15 a rana, masai kuma ya yi nisan mita 30 da rijiya. Na mata a ware shi, da sakata ta ciki da fitila, in ba haka ba ba za su je da dare ba. Tazarar mita 2 da ake bari tsakanin ɗaki da ɗaki ita ce ta fi wuyar tsarewa. Mace na son sirri, sai ta kewaye filin da zana, ta kafa murhu. Ba laifinta ba ne, ba a tanadar mata madafa ba. Hunturu na zuwa tartsatsi ɗaya ya isa, shi ya sa gobara ta yi ta cin sansanin Muna.

Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, sansanin Bakassi da gwamnatin Zulum ta rufe a ƙarshen 2021 shi aka sake buɗe wa mutanen gari. Har 'yar Yaya da 'ya'yanta sun kwana a can. Ita ma abin da ta fara nema tabarma ce da inda za ta kewaya.

Ɗan kwangilar nan layi biyu ya yi ba baƙin mai, mu aka kira muka sake kafa su bayan damina ɗaya, aka sayi katako sau biyu. Daga ƙafa suka mutu, yadda Baffa ya faɗa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda ake rajista da rabon katin abinci.