Ɗakin girkin da hanya ta kauce wa

Asabar, ƙarfe 11 na dare, Atlanta.

Yara sun yi barci, Abbansu ma ya bi sahu, ni kuwa idona biyu. Gobe ne sunan jaririn ƙanwata, da asuba za mu ɗora tukunya, amma abin da na gani yau a hanya ya ƙi sakin zuciyata. Gara in sauke shi a nan kafin in kwanta.

Da sassafe muka baro Sinsinati a nan Amurka, muka hau babbar hanya mai lamba 75 wadda ta miƙe kudu har Fulorida. Mun wuce Lexington da fiye da awa guda sai babbar 'yata ta hango allo a gefen titi, ta ce, "Abba, don Allah mu tsaya a Corbin, a nan aka fara kazar KFC, malamarmu ta ba mu labari." Abban ya dube ni ya ce, "Umman yara, me kika gani?" Na ce dama ƙafafuna sun sage, mu tsaya ko na rabin awa ne. Sai da muka shafe awa biyu.

Daga babbar hanya sai an yi 'yar tafiya kafin a faɗa tsohuwar hanya mai lamba 25. A bakinta ginin yake, fari, rufinsa mai tsini-tsini, da dogon allo an rubuta Sanders Cafe. Gefe guda ana sayar da abinci kamar kowane reshen KFC, ɗaya gefen kuma gidan tarihi ne, ba a biyan ko sisi a shiga. Da shigarmu yaran suka ruga wajen mutum-mutumin tsohon da ya kafa KFC, Kanar Harland Sanders, yana zaune a benci cikin farar kwat ɗinsa, kowa na son a ɗauke shi hoto a gefensa.

Ni fuskarsa kawai na sani a jikin bokitin kwali. Ashe Harland Sanders maraya ne. An haife shi a 1890 a jihar Indiyana, mahaifinsa ya rasu yana ɗan ƙarami, uwar ta shiga aikin masana'anta, shi aka bar wa ƙannensa da murhu. Babu irin aikin da bai taɓa ba: jirgin ƙasa, dillancin inshora, jirgin fito a kogin Ohayo, sayar da taya. Sai a 1930, yana da shekara 40, ya zo Corbin ya kama gidan mai. Matafiya kan tsaya shan mai su tambayi inda za su samu abinci, sai ya fara zuba musu a kan teburin da yake ci da iyalinsa. Kanar ɗin da ake kiransa ma ba ta soja ba ce, sarautar girmamawa ce da gwamnan Kentaki, Ruby Laffoon, ya ba shi a 1935, kamar yadda sarki kan naɗa wa mutum rawani don ya fito da sunan gari. Gobara ta cinye wurin a 1939, ya sake ginawa a 1940, ginin da muka shiga yau kenan.

Ɗakin girkin ne ya riƙe ni. An maido shi yadda yake a wancan zamani, komai fari tas, kuma a buɗe yake, mai cin abinci na iya hango abin da ake yi a ciki. Da gangan ya yi haka don baƙo ya ga tsabta da idonsa. Ga murhu, ga tukwane, ga kayan awo. Matsalarsa a lokacin kowace mai sayar da abinci a tasha ta san ta: kaza a kasko tana cin kusan rabin awa kafin ta soyu har ciki, direba kuwa ba ya jira. In ka soya ka ajiye ta bushe, in ka bari sai an tambaya mai saye ya tafi. Sai ya ɗauki tukunyar nan mai kulle tururi, wadda ba a daɗe da fito da ita ba, ya gyara ta yadda za a yi suya a ciki. Suyar ta dawo ƙasa da minti 10, naman bai bushe ba. A nan kuma ya kammala haɗin kayan ƙamshinsa guda 11 da har yau ake ɓoye sirrinsu.

Akwai wata dabara tasa da ta burge ni ƙwarai. Yana da ɗakunan kwanan matafiya a gefe, sai ya shirya samfurin ɗaki ɗaya a cikin gidan abincin, da gado da shimfiɗa da banɗaki, a kan hanyar da mata ke bi zuwa bayan gida. Ya san uwargida ce za ta ce a kwana ko a wuce. Na nuna wa Abban yara, ya yi dariya ya ce, "Wannan tsoho ya san inda iko yake."

Sauran kayan, tsofaffin bokitai da hotunan talla da kayan wasan yara, ban daɗe a kansu ba. Ba ƙuruciyata ba ce. KFC bai shiga Najeriya ba sai 2009, a Legas, lokacin na riga na yi aure. Amma na ga wata tsohuwa Baturiya ta dafa gilashi tana kallon wani bokiti mai ja da fari, ta juyo ta ce min irinsa babanta ke shigowa da shi ranar Lahadi, su bakwai su kewaye shi. Idonta ya ciko. Na gane wannan kallon, don haka nake yi in na ji ƙamshin man gyaɗa ya yi zafi.

Sai na iso bangon da ya ba da labarin ƙarshen wurin. A tsakiyar shekarun 1950 aka fitar da tsarin sabuwar babbar hanya, ita ce 75 ɗin da muka biyo da safe, kuma za ta kauce wa ƙofarsa. A 1956 ya yi gwanjon wurin, kuɗin suka tafi a biyan bashi da haraji. Yana da shekara 65, abin da ke shigo masa dala 105 ne a wata na tallafin tsofaffi. Ya loda tukunyarsa da ƙullin kayan ƙamshi a mota, yana bin gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya, ya soya musu su ɗanɗana, in sun yarda su riƙa ba shi 'yan sentoci a kan kowace kaza. Sau da yawa a cikin motar yake kwana. Dama tun 1952 ya ƙulla irin wannan yarjejeniya da Pete Harman a jihar Yuta, ita ta zame masa madogara. Kafin 1964 rassan sun haura 600, a 1964 ɗin ya sayar da kamfanin dala miliyan 2. Ya rasu a 1980, an binne shi a Louisville, a maƙabartar da daga baya aka kai Muhammad Ali.

Ban iya ƙarasa karatun a tsaye ba, sai da na nemi kujera. Innata na gani. Shekara da shekaru tana sayar da shinkafa da miya da soyayyun zabi a bakin titin garinmu, inda manyan motoci ke yada zango. Ina 'yar shekara 9 nake ɗaukar tire ina bin tagogin motoci. Direbobi sun san rumfarta, wani tun daga nesa zai danna ham sau biyu, ta ce, "Zuba masa, ba ya son yaji." Da aka yi sabon titi ya zagaya ta bayan gari, cikin 'yan watanni tashar ta mutu murus. Na tuna daren da muka dawo gida da tukunya ko rabi ba a ci ba, ta raba wa maƙwabta, ba ta ce uffan ba. Ita ba ta da motar da za ta bi ciniki inda ya koma, ga mu mu shida. Ta dawo ƙofar gida tana suyar ƙosai da safe, awara da yamma, da wannan ta kai ni har makarantar koyon jinya. Babu allon da aka kafa inda rumfarta take, yanzu ciyawa ce a wurin.

Kazar ba mu ci ba, don mu a gidanmu sai yankan Musulmi. Muka sayi masara da burodinsu mai taushi, yaran suka haɗa da dambun naman da na ƙullo. Ƙaramin ya ɗan yi rigima, Abbansa ya lallashe shi da lemo.

A wajen ajiye motoci na kira Inna ta WhatsApp. Can gida an yi la'asar, ina jin kukan awaki a bayanta. Bayan mun gaisa na ba ta labarin tsohon da tukunyarsa, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah sarki, shi ma hanya ce ta gudu ta bar shi?" Na ce ita ce, Inna. Ta tambayi ko kazar tasa ta kai zabinta daɗi, na ce ban ɗanɗana ba, amma na san amsar. Ta yi dariya har da tari.

Sai na ce, "Inna, wai ina babban kaskon nan naki mai kunne ɗaya?" Ta ce yana nan a bayan rumbu, kaji ke shan ruwa a ciki. Na roƙe ta ta sa a wanke shi, a shafa masa mai, a kai shi ɗakinta. Ta ce, "Ke 'yar nan, me za ki yi da tsohon kasko?" Na ce ina so jikokinta su gan shi in mun zo hutu. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce matsamin ma yana nan, da tiren da nake talla da shi, za ta haɗa min su wuri ɗaya.

Muka haɗa azahar da la'asar a wani wurin hutawa bayan mun shiga jihar Tenesi. Daga nan har Atlanta 'yata tana ta tambayata yadda ake talla a jikin mota, nawa ne farantin shinkafa a lokacin, ko ina jin tsoron direbobi. Rabon da in yi wannan hira da wani har na manta. Mun iso bayan magariba, ƙanwata ta tare mu da kunun gyaɗa.