Sakan biyar ɗin da ke gaban fim ɗinmu

Duk wanda ya taɓa kunna fim ɗinmu ya san abin da yake fara gani, baƙin allo, sai ƙarar ƙyasta ashana, wuta ta kama, sunan kamfani ya fito a ƙasa ya ɓace. Sakan biyar cif, shi ne tambarin kamfaninmu. Mutane suna ɗauka abu ne da aka haɗa da yamma ɗaya ana hira, to wallahi sai da muka sha kunya har sau biyu kafin muka iso nan.

Kamfanin namu ƙarami ne, mu huɗu ne, ni da edita da mai kyamara da yaron sauti wanda in ta kama shi ne direba. Da muka gama fim na farko kuɗi ya ƙare ƙaf amma buri bai ƙare ba, ni so nake in an kunna mutum ya ji kamar zakin nan na tambarin kamfanin fim na MGM ne zai yi ruri. Na sa edita ya sauko da templet, wato shiryayyen tambari na manhajar haɗa bidiyo ta After Effects, daga intanet, irin wanda suna kawai kake canzawa, gaggafa ce ta zinare tana tasowa daga cikin wuta ga duniya tana juyawa a bayanta ga tartsatsi ta ko'ina, muka ɗora mata wani kiɗa mai ganguna da muka tsinta ba mu ma san na waye ba. Sakan 24. Laftof ɗin edita ta kwana tana renda, wato fitar da bidiyon, fankarta na kuka kamar za ta tashi sama, da asuba ta sage, aka sake daga farko.

Kunyar farko a wajen nuna finafinai muka sha ta. Fim ɗin da aka saka kafin namu da gaggafar nan ya buɗe, ita ɗin dai, wutar ma iri ɗaya, suna ne kawai daban. Da namu ya zo ta sake tasowa sai zauren ya kwashe da dariya, wani daga baya yana cewa ai tsuntsuwar ta yi aure biyu. Na so ƙasa ta tsage. Ta biyun kuma a YouTube ne, Content ID, tsarinsu na gano kiɗan da ke da mai shi, ya gane kiɗan, kuɗin tallan fim ɗin gaba ɗaya ya koma aljihun mai kiɗa, fim na awa ɗaya da rabi saboda sakan 24.

Daga nan na zauna na yi wa kaina faɗa. Manyan nan da muke kwaikwayo, kamar kiɗan buɗe fim na kamfanin 20th Century Fox da Alfred Newman ya rubuta tun 1933, don sinima aka yi su, mutum ya riga ya sayi tikiti ya zauna an kashe fitila, ina zai je? Namu mai kallon a waya yake, yatsansa na kan allo, kana ɓata masa lokaci ya wuce. Layin da YouTube ke nuna maka inda mutane suke barin bidiyo ba ya ƙarya, namu tun kan gaggafa yake gangarowa. Sannan ga wani abu da ba a faɗa, tambari alkawari ne, ka buɗe da zinare da aradu sai fitowa ta farko ga mutum biyu a ɗaki ɗaya da fitila biyu, ai kai ka tona wa kanka asiri. Tambarin Pixar, kamfanin katun, fa fitilar tebur ce kawai take tsalle, tun wani gajeren fim nasu na 1986, Netflix kuma bugu biyu ne, kana kicin ma ka ji ka san me aka kunna. Kunne ya fi ido riƙe tambari, wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Ashanar nan da kanmu muka ɗauka. Muka toshe tagogi, kyamara tana ɗaukar firem, wato hoto, 24 a sakan, firem 120 ke nan duka aikin, amma kwalin ashana nawa muka ƙona ban ƙirga ba, wata ta karye wata ta mutu da wuri wata hannun mai kyamara ya yi rawa. Sautin daban muka naɗa, yaron sauti ya lulluɓa da bargo shi da makirfo don kar amon ɗaki ya shiga, saura kaɗan ya ƙona bargon. Sai muka daidaita ƙarar da muryar 'yan wasa, don kuskuren da ƙananan kamfanoni suka fi yi ke nan, tambari ya fasa maka kunne ka rage murya, in an fara magana kuma ba ka jin komai.

Yanzu kala huɗu muke ajiyewa, na kwance 16:9, na tsaye 9:16 don masu waya, gajere na sakan biyu don tirela, wato tallan fim, da ƙaramin da ake maƙalawa a kusurwa. Fayil ɗin asali kuma wuri uku yake, don ma'ajiyar kwamfuta ta taɓa mutuwa da aikinmu a ciki.

Rigimar da ba ta ƙarewa ita ce wa zai fara fitowa. A al'ada mai rarraba fim shi ne gaba, sai wanda ya zuba kuɗi, mu da muka sha rana mu ne ƙarshe, kuma kowa so yake nasa ya daɗe. Akwai aikin da tambura huɗu suka cinye kusan minti ɗaya kafin a ga fuskar ɗan wasa. Tun daga shi nake sa a rubuta jeri da sakan ɗin kowa a takardar yarjejeniya kafin a kunna kyamara, in kuma na intanet ne sai in fara da fitowa mai zafi sannan tambura su biyo baya.

Gaggafar tana nan a laftof ɗin edita, ya ƙi gogewa. Duk ranar da na fara cewa a ƙara wa ashanar ɗan hayaƙi ko ɗan walƙiya, ba ya cewa komai, ita kawai yake turo min a WhatsApp.