Inda na kai da rumfar katako: fegin saiti da fegin riƙo

'Yan'uwa masu koyon aikin katako, ƙashin rumfar da nake haɗawa ya miƙe tsaye. Ginshiƙai sun ɗauki katakon sama, kuma a kowace mahaɗa na tsaga katako na cusa fallen ƙarfe mai huji. Aikin wannan zangon duk na fegin ƙarfe ne, iri biyu masu kama da juna amma kowanne da nasa aikin.

Na farko na saiti ne: gindi da kauri, baki da tsini. Idan aka ɗora katako, da wuya hujinsa ya faɗa daidai kan na ƙarfen. Sai ka zura tsinin ta ɗan hasken da ya rage, ka riƙa bugawa a hankali, kaurin yana shiga yana jan hujin biyu har su haɗu. Ka bar shi a ciki, ka sa na riƙo a hujin da ke kusa, sannan ka zare shi. Masu haɗa ginin ƙarfe ma haka suke yi kafin su ɗaura noti. Abin da na lura, sautin guduma yana faɗa maka gaskiya. Muddin fegin yana tafiya, ƙarar a dushe take. Da ta koma ƙyal-ƙyal, ya cije ke nan, ƙarin bugu ba zai gyara komai ba sai dai ya murƙushe bakin hujin. A nan ajiye guduma ake yi, a sassauta mahaɗar, a duba ko wani ginshiƙi ne ya karkace. Kuma don Allah kada wanda ya sa yatsa a huji wai yana duba saiti. Katako na motsawa, yatsa ya tafi.

Na riƙo shi ne mai zama. Sumul yake, ba kai ba zare, matsi kaɗai ke riƙe shi. Saboda haka hujinsa a katako ba ya wuce kaurinsa, saɓanin noti da ake bar masa sararin da bai fi milimita 1 ba. Nawa masu milimita 12 ne, na bi ƙa'idar ginin katako ta Turai, Eurocode 5: tazarar kaurin fegi sau 5 tsakanin fegi da fegi a bin jijiyar katako, sau 3 daga gefe, sau 7 daga ƙarshen da nauyi ke ja. Wato milimita 60, 36 da 84. A ido tazarar ta yi kamar ɓarnar wuri, amma fegi kusa da ƙarshen katako tsaga shi yake yi kamar gatari.

Na ɗan goge bakin kowanne da magagari don kada ya yagi katako ta inda zai ɓullo. Kan fegin saitin kuma ya fara bajewa saboda duka, na wasa shi, domin irin wannan leɓen ne ke ɓallewa ya faɗa ido. Tabarau dai ba na cire shi.

Katakona bai gama bushewa ba, kuma ta faɗi yake tsukewa, ƙarfe kuwa ba ya bin sa. Shi ya sa na tattara layukan fegin kusa da juna maimakon in baza su daga sama har ƙasa, don kada katakon ya tsage idan ya tsuke. Saura sandunan tokare na kusurwa, waɗanda hujinsu a karkace yake, don haka zan fara yin katakon jagora da zai riƙe wa injin huda hanya.