Asabar a Dakata

Yau da hantsi na je unguwar Dakata a Kano ta'aziyyar wani dattijo da suka yi aiki tare da Baba a masaƙa a Bompai. Allah ya jiƙansa da rahama. Bayan an shafa Fatiha sai ƙafa ta ja ni lungunmu na da.

Gidan hayar da aka haife ni yana nan, ɗakuna a jere, kowane ɗaki da iyalinsa, rijiya a tsakar gida. Ina shiga zaure na ji muryar Iya mai koko, ta tsufa ƙwarai amma idonta garau. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗan nan, kai ne? Ina Malam, ya ƙafar tasa?" Na ce, "Da sauƙi, Iya, yana gaishe ku." Ta sa aka kawo min ruwan randa a kofin silba.

Lokacin da muke yara, jiniyar kamfani ce agogon unguwar nan. Da ta yi kuka da sassafe sai ka ga kekuna sun cika titi, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a baya, masu aikin dare kuma suna dawowa da burbushin auduga a hula da gira. Idan Baba ya yi aikin dare, Inna kan kora mu waje don ya samu barci, kuma duk yaran gidan sun san ba a buga ƙwallon tsumma a ƙofar ɗakinmu ranar. Ƙarshen wata kuwa ba ya ɓuya. Mai kanti ya fito da littafin bashi a soke na kowa, masu adashe su zagayo, da daddare Baba ya shigo da tsire a takarda, a yanka mana ɗai-ɗai.

Ba mu da komai sosai, amma ba a barin yaro da yunwa a gidan nan. Duk ɗakin da aka sauke tukunya, nan za ka ci. Haka kuma duk matar da ta gan ka ka gudo daga makarantar allo, ita za ta ja kunnenka ta mayar da kai, ba sai ta tambayi uwarka ba. Mu yi langa, mu ƙera motar gwangwani, azumi ya kai goma mu fita tashe. Talabijin ɗaya ce a layin, ta taga muke leƙen CTV 67, tashar jihar Kano.

Abin ya fara sauyawa bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP. Naira ta faɗi, kayan gyaran injina suka yi tsada, wuta ta ƙi tsayawa, daga baya atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Aka riƙa sallamar ma'aikata rukuni-rukuni. Mutanen da suka ƙware a kan injin saƙa suka koma gadi da acaɓa, ita ma acaɓar aka hana ɗaukar fasinja da ita a 2013. Wannan abu har yau yana ci min rai, don ba lalaci ne ya zaunar da iyayenmu ba. Aikin ne ya mutu a hannunsu suna da sauran ƙarfi.

Da zan tafi Iya ta kira jikanta, saurayi mai natsuwa, ya koyi walda amma babu wurin aiki, yana karɓar Adaidaita Sahu na wani in ya huta. Ta ce, "Ga ƙaninka nan, ka duba masa." Na karɓi lambarsa. Ina da aboki mai shagon ƙera ƙofofi a Sharaɗa, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai shi su gana.