Daren da iska ta kwashe rufin butikina

Wallahi daren jiya ban runtsa ba. Wajen ƙarfe 2 iskar hadari ta taso ta yaye kwanon butikina a unguwar Bukoki ta Yamai, ta ɓalle taga, ruwa na ta dukan buhunan shinkafa. Da asuba na kira kafintan unguwa na ce Malam don Allah taimaka kafin ɓarayi su riga mu, muka ruga kasuwar Katako muka sayo alluna da ƙusoshi, ya toshe tagar ya buga ta ciki don kar a ɓanɓare daga waje, sama kuma muka shimfiɗa babbar leda muka danne da bulo. Buhu 3 sun jiƙe, abin ya min ciwo sosai. Ƙanena ne zai riƙa kwana ciki har a sa sabon kwano.